Wace na'urar gano ƙarfe zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wajen Zariya. Na daɗe ina kallon bidiyon masu yawo da na'urar gano ƙarfe suna tono tsofaffin kuɗi, har abin ya shiga raina, kuma akwai kufai kusa da gonar gidanmu. Na tara abin da ya kai dalar Amurka 300. Wani mai shago ya nuna mini wata na'ura mai eriya, ya ce tana jin zinariya daga nisan kilomita 2 da zurfin mita 20. Wani kuma ya ce in ba GPX ba, duk ɓarnar kuɗi ce. Wacce zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun kada ka saya. Mai eriyar damfara ce, GPX kuwa na'urar neman zinariya ce ta gaske, amma ba don aikinka aka ƙera ta ba, kuma kuɗinka ba za su sayi ta ainihi ba. Abin da ya dace da kai shi ne na'ura irin da ake kira VLF, wadda za ka iya saita ta da ƙasar wurinka da hannunka, mai faifai ƙirar DD, daga ɗaya daga cikin kamfanoni huɗu ko biyar da aka sani. Zan faɗi sunaye a gaba, amma in ka fahimci dalilin, ko sunayen sun canza baɗi ba mai ruɗa ka.

Ga yadda VLF ke aiki. Faifan da ke ƙarshen sandar na'urar, wanda ake shafawa a saman ƙasa, naɗin waya biyu ne a cikinsa. Ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, yana juyawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Idan ya taras da ƙarfe, sai wata 'yar wutar lantarki ta motsa a jikin ƙarfen, ita ma ta mayar da nata maganaɗisun, naɗi na biyu ya ji, na'ura ta yi ƙara. Amsar da ƙarfe ke mayarwa tana ɗan jinkiri, kuma jinkirin azurfa daban, na baƙin ƙarfe daban, na alminiyam daban. Da wannan jinkirin na'ura ke yin hasashen abin da ke ƙasa, ta nuna maka lamba a allo. Ka riƙe kalmar hasashe, za mu dawo kanta.

Maganaɗisun nan yana raunana da sauri sosai. Yana raguwa a hanyar tafiya, ya sake raguwa a hanyar dawowa, har ta kai idan ka ninka zurfin ƙaramin abu sau biyu, amsar da ke dawowa kan ragu kusan sau 64. Shi ya sa kwabo guda, a ƙasa mai kyau, ana jin sa ne tsakanin santimita 15 zuwa 25, in an yi dace ya kai 30. Babban abu kamar tukunyar ƙarfe ko bokiti yana iya kaiwa mita ɗaya ko ya ɗan ɗara. Na'urar dala 250 da ta dala 1,000, a kan kwabo ɗaya a ƙasa ɗaya, bambancinsu 'yan santimitoci ne. Kuɗin da aka ƙara, yawanci ba zurfi ake saya da su ba, iya rarrabe abu mai kyau daga shara ake saya, da jure wa ƙasa mai wuya. Wani curin zinariya da ya yi suna, mai nauyin kilo 27, wanda aka gano da na'ura a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 1980, bai wuce kimanin santimita 30 a ƙasa ba.

To ka auna wannan da mita 20 da kilomita 2 da mai shago ya faɗa maka. Waɗannan masu eriya da ke juyawa a hannu, ba abin da ke juya su sai karkatar hannun mai riƙewa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai sayarwa ya san inda ya ɓoye zoben, don haka eriya za ta nuna wurin. Ka ce ya juya baya, kai ka binne zoben a ɗaya daga cikin ramuka goma, sannan ya nemo. Nan za ka ji an fara kawo uzuri na rana, da iska, da jinin mai riƙewa. Ba talaka kaɗai ake yi wa wannan ba. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda ya sayar wa gwamnatoci, musamman ta Iraƙi, irin wannan sanda mai eriya da sunan tana gano bam, alhali ba komai a cikinta da ke aiki. Akwai kayan binciken ƙarƙashin ƙasa na gaske masu zurfi, irin na injiniyoyi da masu binciken tarihi, amma su manyan abubuwa suke nunawa, kamar bututu ko tsohon gini, ba sa ganin anini, kuma ba sa faɗin cewa wannan zinariya ce.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu, wanda bidiyon da kake kallo ba za su koya maka ba, domin yawancinsu an ɗauke su ne a gonakin Ingila ko filayen Amurka. Ƙasar kanta tana amsa wa na'ura. Jar ƙasa da marmara da ke shimfiɗe daga Zariya zuwa Birnin Gwari, zuwa kudancin Katsina da Bauci da Filato, cike suke da sinadarin ƙarfe. Shi ne ma ya ba su wannan ja. Ba banza ba kakanninmu suka yi ƙarnuka suna narka tama, har a gindin Dutsen Dala. Idan ka ɗora faifai a kan irin wannan ƙasa, amsar da ƙasar ke mayarwa takan ninka ta kwabon da kake nema nesa ba kusa ba. Kamar mai son jin raɗa ne a gidan biki ana tsakiyar kiɗa. Na'urar da ba ta iya cire amon ƙasa za ta yi ta ƙara ba dalili, ko kuma ta yi shiru amma zurfinta ya koma rabi ba ka sani ba, wanda shi ya fi muni.

Maganin wannan shi ne saitin ƙasa, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta shi Ground Balance. Iri uku ne. Akwai wanda aka ƙayyade tun daga masana'anta, ba ka da ikon taɓa shi. An saita shi ne a kan matsakaiciyar ƙasa, kuma tamu sau da yawa ba matsakaiciya ba ce. Akwai wanda za ka danna maɓalli, ka yi ta ɗaga faifai kana saukewa a kan wuri mara ƙarfe, na'ura ta karanci ƙasar ta daidaita kanta cikin 'yan daƙiƙu, ko kai ka daidaita da hannu har amon ya ɗauke. Akwai kuma mai bin sawu, wanda ke gyara kansa kana tafiya. Na biyun shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ka saya. Wanda ke zaune a kan jigawa mai farin yashi, irin na Daura ko Gumel ko Damagaram, yana iya sha da na farkon. Kai ba ka cikinsu.

Kufai ma yana da tasa matsalar a kan ta marmara. Inda mutane suka zauna shekaru aru-aru akwai ƙusoshi, da guntayen fartanya, da kashin maƙera, da toka, da ƙonanniyar ƙasar murhu, da katangar tukwane, kuma ƙonanniyar jar ƙasa takan sa na'ura ta yi kuka kamar ta ga ƙarfe. Haka wasu duwatsu baƙaƙe masu nauyi. Fadama mai kanwa ko gishiri kuma tata wahalar daban ce: jiƙaƙƙen gishiri yana ɗaukar lantarki, sai na'ura ta ɗauka ƙarfe ne shimfiɗe ko'ina. A nan ne na'urorin da ke aiki da mita da yawa a lokaci guda suka fi masu mita ɗaya. Mita a nan ba ta awon tsawo ba ce, saurin juyawar maganaɗisun ne a daƙiƙa guda.

Batun faifai ya rataya ne a kan wannan. Faifai mai zobe cikin zobe yana jin ƙasa mai yawa a lokaci ɗaya, don haka yana kwasar amo mai yawa. Ƙirar DD, wadda naɗin biyu suka hau kan juna a tsakiya, tana ji ne ta siririn layi daga gaba zuwa baya, ta fi natsuwa a jar ƙasa, ta fi kuma raba kwabo da ƙusar da ke kwance kusa da shi. Faifai mai faɗin inci 9 zuwa 11 ya ishe ka. Kada babban faifai ya ba ka sha'awa: a kufai yakan rufe abu huɗu ko biyar a shafa ɗaya, na'ura ta rikice ta ba ka lambar da ba ta kowa ba. Masu ƙwarewa a wuri mai shara ƙaramin faifai suke ɗaurawa.

Sai maganar GPX, wadda a gaskiya maganar zinariya ce, kuma na san ko ba ka faɗa ba tana ranka. Sunan ya cika bakin mutanenmu ne ta hanyar Sudan da Cadi, sannan da abin da ya faru a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014, lokacin da dubban mutane suka kwarara ta Agadas da na'urori a kafaɗa, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Zinariyar Jado curi-curi ce kusa da saman ƙasa, irin wadda na'ura ke ji. GPX na kamfanin Minelab tana aiki ne da wata hanya daban da ake kira PI: tana harba bugun lantarki mai ƙarfi, ta yi shiru, ta saurari amsa. Wannan ya sa marmara ba ta cika damun ta ba, kuma tana da zurfi. Amma ba ta iya rarrabe shara sosai. Ka shiga kufai da ita, duk tsatsattsiyar ƙusa sai ka tona, wata har zurfin gwiwa. Ga nauyi, ga batir, ga tsada ta dubban daloli. Babbar yayarsu, GPZ 7000, ta haura kilo 3. Duk wanda ya ce zai ba ka sabuwar GPX a kan dala 300, jabu ce, ba sai ka buɗe kwalin ba.

Kuma ka sani cewa yawancin zinariyar da ake haƙa a Zamfara, a wajen Anka da Bukkuyum, ƙura ce a cikin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke. Niƙan nan a cikin gidaje shi ya jawo gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010. Na'urar gano ƙarfe ba ta jin ƙurar zinariya ko kaɗan, komai tsadarta. Abin da take ji shi ne ƙwaya ɗaya dunƙulalliya. Masu neman ƙananan ƙwayoyi suna amfani da VLF mai mita sama, kamar Gold Monster 1000 mai kilohaz 45 (wato juyi dubu 45 a daƙiƙa) ko Gold Bug 2 mai 71, domin mita ta sama ta fi jin ƙaramin abu mara ɗaukar lantarki sosai, mita ta ƙasa kuma ta fi shiga zurfi a kan azurfa da jan ƙarfe. Tsakanin kilohaz 10 zuwa 15 shi ne matsakaici, yana jin kwabo, yana jin zobe, kuma shi mai farawa ke buƙata.

Ga sunayen. Kamfanonin da na yarda da su: Minelab na Ostareliya, Nokta na Turkiyya, Garrett da Fisher na Amurka, da XP na Faransa. A kuɗinka, biyu nake sa wa gaba. Na farko dangin Simplex na Nokta. Tsohuwar Simplex+ da ta fito a 2019 tana da kilohaz 12, sababbin kuma 15. Na biyu X-Terra Pro ta Minelab, wadda ta fito a 2023, da za ka iya zaɓar kilohaz 5 ko 8 ko 10 ko 15. Dukansu suna da saitin ƙasa da za ka iya taɓawa, faifansu DD ne, nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma a rufe suke ruf har ana iya nutsa su a ruwa. Ba don za ka shiga kogi na damu da wannan ba. Abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana ƙurar hunturu, kuma ƙura ce ke cin maɓallai da lasifikar na'ura a ƙasarmu. A kasuwannin waje farashinsu yana tsakanin dala 200 da 300 ko ya ɗan haura. Kafin su iso Kano ko Abuja kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa sun hau kai.

Dangin Vanquish na Minelab suna aiki da mita da yawa lokaci guda, lambarsu tana tsayawa da kyau, kuma ba su da wuyar koyo, amma 340 da 440 da 540 ba su ba ka damar saita ƙasa da hannu; na fi ba wa mai yashi ko mai fadama shawararsu. Garrett ACE kuwa, 250 da 300 da 400, su ne da yawa daga cikin masu wannan sha'awa a duniya suka fara da su, suna da ƙwari, amma saitin ƙasarsu ƙayyadadde ne. Ba aibata su nake ba, a jar ƙasarku ne ba zan zaɓe su ba. In da za ka iya haƙuri ka ninka kuɗin, Nokta Legend ko Minelab Equinox za su kai ka shekaru ba ka nemi wata ba, kuma Legend da manyan Equinox suna da kilohaz 40 da ke taɓa ƙananan ƙwayoyin zinariya. Sai dai ba na son mai farawa ya zuba kuɗi da yawa, saboda cikin masu sayen na'ura akwai da yawa da sukan jingine ta bayan ƙyaure kafin damina ta zagayo.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba sai an je daji: batir. Simplex da X-Terra Pro batirinsu a ciki yake, ana cajinsa da waya irin ta USB, wato fawa banki ko 'yar sola ta wadatar, ba ruwanka da ko an kawo wuta. ACE da Vanquish ɗin da na ambata suna cin ƙananan batura huɗu irin na tocila 'yar siririya. Wannan ma yana da daɗinsa, don ko a ƙauye za ka samu, amma baturan araha na teburin mai shayi ba sa jimawa, kuma in ka manta su a ciki sukan zubar da ruwa su cinye ƙarafan. Kowacce ka saya, kada ka bar ta cikin mota a rufe a watan Afrilu. Zafi yana baƙanta allo, yana kashe batir.

Jabu ita ce babbar masifar kasuwar nan, kuma haƙar zinariya a Afirka ce ta haɓaka ta. Ana kwaikwayon kwali da tambari da launi har ba ka rabewa da ido. Manyan kamfanonin suna da jerin dillalan da suka amince da su a shafukansu na intanet; duba can kafin ka duba Facebook. Ka nemi lambar jikin na'ura ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti, kuma a rubuta maka ita a rasit. In farashi ya yi ƙasa da na ƙasar da aka ƙera ta, ka tambayi kanka wa ya biya kuɗin jirgi. Ta hannu ba laifi ba ce in ta ainihi ce: duba kunnuwan faifai inda ƙusar roba ke shiga, nan ne ke tsagewa, murɗa wayar faifai a hankali na'ura tana kunne, in ta yi ta ƙara, wayar ta karye a ciki.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da kayan gwajinka a aljihu: tsohon kwabo, zoben azurfa, ɗan kunnen zinariya in uwargida ta yarda, ƙusa mai tsatsa, marfin kwalbar lemo, da dunƙulen marmara daga gonarku. Ku fita waje, nesa da janareta da wayoyin wuta da rodin siminti. Ka cire agogo da zobe. Ka gilma kowane abu a gaban faifai ka ga nisan da take ji da lambar da take bayarwa. Na'urar kirki za ta ji kwabo a iska daga santimita 20 zuwa sama, kuma lambar ba za ta yi ta tsalle ba. Sannan ka ɗora kwabon ƙarƙashin marmarar ka sake gwadawa, kafin saitin ƙasa da bayansa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Mu koma kan hasashe. Lambar da ke fitowa a allo ba sunan ƙarfe ba ce, awo ne na yadda abin ke ɗaukar lantarki haɗe da girmansa da siffarsa da yadda ya kwanta. Baƙin ƙarfe yana ƙasa, azurfa da jan ƙarfe suna sama, tsakiya kuma nan ne rikici yake: zoben zinariya, da takardar alminiyam ta sigari ko ta magani, da 'yar maɓallin buɗe gwangwanin lemo, duk unguwarsu ɗaya. Sabon shiga yakan gaji da tono shara, sai ya ƙara ƙarfin tacewa har na'ura ta daina kula tsakiyar, ya zubar da zinariya tare da shara bai sani ba. Marfin kwalba kuma, saboda faɗinsa da zagayensa, yakan yi shigar kwabo. A watannin farko ka toshe baƙin ƙarfe kaɗai, in ma za ka toshe, sauran duk ka tona. Kunnenka ne ake horarwa. Abu mai kyau yakan ba da sauti gajere mai tsabta, iri ɗaya in ka shafa daga gabas zuwa yamma, iri ɗaya in ka juya ka shafa daga kudu zuwa arewa. Shara takan karye ta ɗaya ɓangaren. Haka ma maɓallin ƙarfin ji: kada ka kai shi ƙarshe don neman zurfi, ka ɗaga har na'ura ta fara surutu, sannan ka rage kaɗan.

Me za ka samu? Yawanci ƙusa, waya, gwangwani, dalma. Jefi-jefi anini da kwabo masu huda na zamanin Turawa, waɗanda aka fara bugawa tun wajen 1907, da taro da sisi da sule da aka ci kasuwa da su kafin naira ta zo a 1973. In rabo ya rantse, liyari, babban kuɗin azurfan nan mai hoton Mariya Teresa da shekarar 1780 a jiki. Kada shekarar ta ruɗe ka, an ci gaba da buga shi da wannan lamba har ƙarni biyu bayan haka. Akwai mundaye na tagulla, guntun linzami, likkafa, kan kibiya. Wuri kuwa, wanda shi ne ainihin kuɗin kakanninmu, na'ura ba ta jin sa sam tunda ba ƙarfe ba ne, sai dai ka gan shi da ido a bakin rami. Tsohuwar kasuwa da ta tashi, da gindin tsohuwar kuka ko tsamiya inda fatake ke yada zango, da bakin tsohuwar rijiya, da filin idi na da, sun fi tsakiyar daji albarka. Hira da dattawan gari kafin ka fita ta fi ƙarin dala 500 a kan na'ura amfani.

Wanda ya gano taskar Staffordshire a Ingila a 2009, Terry Herbert, tsohuwar na'ura ce ta hannu a wurinsa, amma ya yi shekara 18 yana wannan yawo kafin ranar. Zinariyar da ke ciki ta kai kusan kilo 5, aka yi mata kuɗi fam miliyan 3 da 'yan kai, suka raba da mai gonar. Abin lura a labarin, da izinin mai gona ya shiga, kuma da ya gani sai ya kai rahoto, kamar yadda dokarsu ta 1996 ta tanada.

Mu ma muna da namu dokokin, ko da ba a cika maganarsu ba. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi ba da izinin hukumar ba, ta kuma hana fitar da su waje. Wanda ya san irin wawason da aka yi wa gumakan Nok da na Kwatarkwashi, da na Bura a Nijar, ya san dalilin. Tsintar anini a gonarku daban, farfasa tsohuwar ganuwa ko tudun da aka san na tarihi ne daban. In ka ci karo da abin da ya fi ƙarfin tsintuwa, ka tsaya, ka ɗauki hoto yana wurinsa, ka sanar da gidan tarihi mafi kusa, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da kai. Ma'adinai kuma, har da zinariya, dokar 2007 ta ce mallakar gwamnatin tarayya ne, nemansu sai da lasisi. Ta fuskar addini, malamai sun raba tsakanin rikazi, wato dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya, wadda ake fitar wa humusi, da tsintuwa mai mai ita, wadda ake cigiya shekara guda. Zoben da ka tono a filin makaranta tsintuwa ce. Maƙabarta kuwa, sabuwa ko tsohuwa, ba wurin na'ura ba ce.

Ka kuma duba halin da ake ciki. Mutum shi kaɗai a bayan gari da sanda mai faifai da abin ji a kunne yana jawo ido, kuma ba kowa zai tsaya ya tambaya ba. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka nuna masa na'urar, ka gwada ta a gabansa da makullinsa. Ka nemi izinin mai gona, ku yanke yadda za a raba tun kafin a sami komai. Kada ka fita da dare, kada ka fita kai kaɗai, rasit yana aljihu. Duk ramin da ka tona ka mayar da ƙasarsa, don kada shanu ko jakin wani su karye, gobe a hana ka shiga. Wuraren da aka yi yaƙi, kamar sassan Borno da Yobe da Difa da bakin Tafkin Cadi, da kewayen filayen atisayen soja, akwai nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a ƙasa. Na'urarka za ta ji su kamar yadda take jin gwangwani, ba za ta gaya maka bambanci ba. Can ba a zuwa.

Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe amfanin gona, da kuma farkon saukar ruwa kafin shuka, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Tsakiyar rani marmara takan koma kamar siminti, sai ka fita da sassafe ko ka haƙura.

Kuɗin naka, ga yadda zan kasa su. Kusan dala 220 zuwa 250 a kan na'urar. In Simplex ƙarama ce ta samu a wannan farashi, ɗauke ta, cikinta ɗaya da manyan a wajen ji. Abin da ya rage, ka fara da 'yar ƙaramar na'urar hannu mai kama da tocila da ake zura wa cikin rami, finfointa, domin anini da ya yi shekara 80 a ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar, kana iya juya shi a tafin hannu ba ka gan shi ba. Ta Garrett ko ta Nokta sun fi, amma in kuɗi sun gaza, rariyar roba za ta riƙe ka zuwa wani wata. Abin ji na kunne mai waya, ko na wayar salula ne in bakinsa ya shiga, yana sa ka ji siririn sauti kuma yana rage taron yara; ka bar kunne ɗaya a buɗe saboda maciji da mutane. Dagi da ɗan shebur, maƙerin unguwarku zai ƙera maka su da ƙarfen sifirin na mota, su fi na kanti ƙwari. Kafin ka taka kufan, ka binne kwabo a bayan gida a zurfin santimita 10 da 15 da 20, da ƙusa a gefen ɗaya daga ciki, ka yi mako biyu kana shafawa a hankali, faifai a kwance dab da ƙasa, kowace shafa tana hawa rabin ta baya, har kunnenka ya rabe su ba tare da ka kalli allo ba.